Digirin Kimiyyar Magunguna Zai Mayar da Kuɗin da Babana Zai Kashe Masa?

Assalamu alaikum Anti, da fatan kina lafiya. Don Allah shawara nake nema, abin har ya hana ni barci. Shekarata 19, kuma jami'o'i biyu sun ba ni gurbin karatu. Ta farko mai suna ce, ta ɗauke ni digirin farko a kimiyyar magunguna, shekara huɗu, amma kuɗinta ya ninka na ɗayar sau uku. Ta biyun kimiyyar sinadarai ta ba ni. A gida kowa ta farkon yake so, don sun ɗauka da na gama na zama famasis ke nan. Babana har ya ce zai taɓa kuɗin sallamarsa na ritaya, abin da bai isa ba a ranto. To makon jiya na haɗu da wata da ta gama wannan kwas ɗin, ta ce mini ba ya ba da lasisin famasis, ita ma a ɗakin gwaji take aiki a wani kamfani, albashin kuma ba yadda mutane suke zato ba ne. Anti, ina son harkar magani tun ina ƙarama, amma ina da ƙanne uku a bayana. Har yanzu na kasa gaya wa Baba, don ya riga ya sanar da abokansa 'yarsa za ta zama famasis. Shin digirin nan zai mayar da kuɗinsa? Ko in haƙura in tafi ɗayan?

'Yarki mai neman mafita

Wa alaikumus salam 'yata. Kafin komai, ki nemi baiwar Allahn nan ki yi mata godiya. Akwai waɗanda sai sun kai aji uku, kuɗi sun riga sun tafi, sannan suke jin maganar da ke kika ji kyauta makon jiya. Gaskiya ta gaya miki, kuma a kan wannan gaskiyar duk lissafinki zai tsaya.

Kama da wane ba wane ba ne. Sunayen kwasa-kwasan biyu, famasi da kimiyyar magunguna, sun yi kusa, sau da yawa ma a gini ɗaya ake koyar da su, malamai ɗaya, har wasu darussan tare ake zama. Amma famasi sana'a ce da doka ta zagaye da katanga. Wanda ba shi da lasisi ba zai tsaya ya duba takardar likita, ya ba majinyaci magani da sunansa ba, komai iliminsa. Wannan katangar ita ce take riƙe da albashin famasis, domin ta rage masu takara. Kimiyyar magunguna kuwa ilimi ne na yadda ake gano magani, a haɗa shi, a gwada shi, a san yadda yake tafiya a jiki. Ilimi ne mai kyau, sai dai fili ne da ba shi da shinge. Duk aikin da za ki nema da shi, wanda ya karanta sinadarai, da wanda ya karanta ilimin halittu, da wanda ya karanta ƙananan ƙwayoyin cuta, suna iya nema tare da ke, kuma ana ɗaukarsu.

Ba a ƙasa ɗaya abin yake haka ba. A Amurka, tun farkon shekarun 2000 digirin PharmD kaɗai ne hanyar zama famasis: shekara huɗu na karatun sana'ar bayan aƙalla shekara biyu na share fage, sannan jarrabawar samun lasisi da ake kira NAPLEX, da ta dokokin magani a yawancin jihohi. Jami'o'i irin su Purdue da Ohio State suna ba da digirin farko a kimiyyar magunguna, amma ba shi ne lasisin ba. A Birtaniya sai an yi digirin famasi da ake kira MPharm na shekara huɗu, a ƙara shekara guda ta horo a bakin aiki, a ci jarrabawar hukumar da ke yi wa masu sana'ar rajista. Wanda ya yi digirin kimiyyar magunguna a can, in ya ce famasis yake son zama, yawanci komawa zai yi ya ɗauki MPharm ɗin. A Faransa shekara shida ne mafi ƙaranci. Don haka tambayar farko da za ki yi wa jami'ar nan, a rubuce ba a waya ba, ita ce: shin hukumar da ke ba famasis lasisi a ƙasar da nake son yin aiki ta amince da wannan digirin? In suka fara kewaye-kewaye, suna cewa ai “yana buɗe ƙofofi da yawa”, to amsar a'a ce.

Don ki ga girman tazarar, ga alƙaluman da hukumar ƙididdigar ƙwadago ta Amurka ta fitar na 2023. Albashin tsakiya na famasis, wato wanda rabinsu ke sama da shi rabi ke ƙasa, dala 136,030 ne a shekara. Na mataimakin famasis, wanda ba ya buƙatar digiri, dala 40,300. Mai digirin farko da ya fara aiki a ɗakin gwajin kamfani, a shekarunsa na farko ya fi kusa da ƙaramar lambar nesa ba kusa ba. Lambobin suna canzawa daga ƙasa zuwa ƙasa, amma siffar abin takan zama ɗaya.

Kada kuma in bar ki da tunanin cewa famasin ita ce rijiyar zinare. A Amurkan dai, makarantun famasi sun tashi daga kimanin 80 a shekarar 2000 zuwa sama da 140 cikin shekara ashirin, masu lasisi suka yawaita, ɗalibai da dama kuma suna fita da bashin da ya haura dala 150,000. Kamfanin Rite Aid mai shagunan sayar da magani ya bayyana karyewa a 2023, takwaransa Walgreens kuma ya sanar a watan Oktoban 2024 cewa zai rufe shaguna 1,200 cikin shekara uku. Katangar lasisi tana kare mutum daga takarar wanda ba shi da lasisi, amma ba ta hana kasuwa girgiza. Na faɗi haka ne don kada gobe ki ce Anti ta ce kowa ya ruga famasi ido rufe.

To mene ne aikin da digirin naki zai kai ki? A nan zan ɗan daɗe, domin ni kaina na yi shekaru a ɗakin duba inganci na wata masana'antar magani, kuma abin da na tarar ba shi ne na hango ina ɗaliba ba. Na shiga da tunanin zan gano sabon magani. Abin da aka fara miƙa mini kwalabe ne in wanke, da littafi in rubuta zafin firiji safe da yamma. Daga nan aka koya mini auna ƙwaya: nauyinta, taurinta, minti nawa take yi kafin ta narke, kashi nawa na sinadarin da aka rubuta a kwali ne a cikinta da gaske. Aka koya mini na'urar da ake kira HPLC, wadda take rarrabe abubuwan da ke cikin magani ɗaya bayan ɗaya. Akwai ɗakin da muke ajiye samfuri wata shida a zafin digiri 40 da laimar kashi 75 cikin ɗari, don a ga ko zai jure kafin a sa masa ranar lalacewa. Komai sai an rubuta, da sa hannu da kwanan wata. A wannan aikin abin da ba a rubuta ba kamar ba a yi shi ba ne, ko da kuwa mutum goma sun gani. In kika yi kuskure ba a gogewa, layi ɗaya za ki ja a kai, ki sa hannu, ki faɗi dalili. Ga aikin dare, ga tsayuwa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wannan: a teburin da nake, mu huɗu ne. Biyu sinadarai suka karanta, a jami'o'in da ko sunansu ban taɓa ji ba. Albashinmu ɗaya, kuma ɗaya daga cikinsu ta riga ni samun ƙarin girma, domin hannunta ya fi nawa faɗawa a kan na'urar. Ba wanda ya taɓa tambayarmu nawa muka biya a makaranta.

Ba raina aikin nake yi ba, ko kaɗan. A 1937 wani maganin ruwa da aka haɗa da sinadarin dayetilin gilaikol ya kashe mutane sama da 100 a Amurka, abin da ya sa aka kafa dokar 1938 da ta wajabta tabbatar da lafiyar magani kafin a sayar. Shekara 85 bayan haka, a 2022, wannan sinadarin dai aka samu a magungunan tari da aka danganta da mutuwar yara kimanin 70 a Gambiya. Abin da ke tsayawa tsakanin irin wannan guba da bakin yaro shi ne wata ma'aikaciya a ɗakin gwaji da ta ƙi sa hannu a kan kayan haɗin da ba ta gwada ba. Aiki ne mai lada da mutunci. Amma ke tambayar kuɗi kika yi mini, kuma nauyin aiki daban, abin da ake biya a kansa daban.

Ba a ɗakin gwaji kaɗai hanyar ta tsaya ba. Akwai masu tabbatar da cewa masana'anta na bin ƙa'idojin sarrafa magani, akwai masu haɗa takardun neman izinin sayar da shi a wajen hukumomi, akwai masu sa ido a kan gwajin magani a jikin mutane, da masu tattara rahoton illolinsa bayan ya shiga kasuwa, da masu tallata shi ga likitoci. Wasu daga cikin waɗannan, musamman harkar takardun izini da sa ido kan gwaji, suna biya sosai bayan shekara biyar zuwa goma. A Tarayyar Turai da Birtaniya ma akwai kujera guda da doka ta ware: ba rukunin maganin da zai fita kasuwa sai wani ƙwararre da aka tantance ya sa hannu, kuma mai digirin sinadarai ko makamancinsa yana iya kaiwa can bayan shekaru na ƙwarewa. (A Faransa kam, famasis ne kaɗai ke riƙe da babban alhakin kamfanin magani.) Ki lura dai, duk waɗannan gogewa ce take kai mutum. Digirin ƙofar shiga kawai yake buɗewa, kuma ƙofar nan digirin sinadarai ma yana buɗe ta.

Binciken gano sabon magani kuwa, wanda na san shi ne yake jan hankalin yawancinku, shugabancinsa yana hannun masu digirin digirgir. Mai digirin farko yana shiga, amma a matsayin mai aiwatar da gwajin da wani ya tsara. Sannan fanni ne mai faɗi-tashi: magani yakan ɗauki shekara goma zuwa goma sha biyar kafin ya fito, kuma cikin goma da suka kai matakin gwaji a jikin mutane, kusan tara ba sa kaiwa kasuwa. In babban gwaji ya faɗi, sashe guda ana iya sallamarsa. Masu duba inganci sun fi kwanciyar hankali ta wannan fuskar, tunda muddin ana buga ƙwaya sai an gwada ta.

Yanzu ɗauko takarda mu yi lissafi. Ban san kuɗin ƙasarku ba, don haka mu yi da misali, ke sai ki sa lambobin gaskiya. A ce albashin shekarar farko a aikin ɗakin gwaji 100 ne. A ce jami'a mai tsada tana cin 60 a shekara, mai sauƙin tana cin 20, tunda kin ce sau uku ne. A shekara huɗu, 240 ke nan da 80. Bambancin 160. Wannan 160 ɗin shi ne ainihin abin da ake tambayarki ki saya, ba digiri ba, domin digiri kam ko ta ina kika bi za ki samu. To me 160 ɗin zai sayo miki? A ce sunan jami'ar da sunan kwas ɗin sun sa albashinki ya ɗara na mai sinadarai da 10 a shekara, wanda ni a wurin da na yi aiki ban ga hakan ba. Shekara 16 ke nan kafin ki mayar da bambancin, ba a ma cire haraji ba. Kina da shekara kusan arba'in lokacin.

In bashi ya shigo kuma, lissafin ya ƙara muni. Bashin 100 da kuɗin ruwa kashi 8 cikin ɗari, in za a biya shi wata-wata cikin shekara goma, abin da zai fita daga aljihu kusan 146 ne. In kuwa aka bar shi yana taruwa ba a biya, a shekara tara ya ninka. Masu ba da shawara kan kuɗin karatu suna da wani ma'auni mai sauƙi da na yarda da shi: duk bashin da za ki fita da shi daga makaranta kada ya wuce albashin shekararki ta farko. Kuma albashin da za ki sa a lissafin shi ne na aikin da digirin yake kaiwa kai tsaye, ba na famasis ba, ba na manajan da za ki iya zama bayan shekara goma sha biyar ba. Nan ne iyaye da yawa suke yin kuskure da kyakkyawar niyya: su biya kuɗin makaranta da hasashen albashin wata sana'a, yaro ya fito da takardar wata.

Akwai kuma kuɗin da ba ya fitowa a takardar makaranta. Kuɗin sallamar mahaifinki ba albashi ba ne da zai sake shigowa ƙarshen wata. Sau ɗaya ake ba mutum shi, a lokacin da ƙarfin nema ya fara raguwa. In ya tafi a kan karatunki, to ke ce kika zama fanshonsa, kuma ke ce kuɗin makarantar ƙannenki uku, da albashin mai fara aiki. Na ga 'yan mata masu ƙwazo da wannan nauyin ya hana su ƙaro karatu, ya hana su barin aikin da ba sa so, domin wata ɗaya babu albashi gida ya tsaya. Ki sa wannan a ma'auni, ko da ba shi da lamba.

Duk da haka ba zan ce jami'a mai tsadar ba ta da abin da za ta iya fin ɗayar da shi ba. Akwai abin da in tana da shi, zan sake tunani. Babba a ciki shi ne horo a masana'anta. Wasu kwasa-kwasan suna tura ɗalibi ya yi wata shida ko shekara guda cur a kamfanin magani, ana biyansa, ya dawo ya ƙarasa. Wannan shekarar ta fi lakca ɗari daraja wajen neman aiki, domin mai ɗaukar ma'aikata abin da yake son ji shi ne kin taɓa aiki a ƙarƙashin ƙa'idojin masana'anta, kin taɓa riƙe na'ura da hannunki ba kallon malami kika yi ta bayan gilashi ba. Sau da yawa ma kamfanin da ya horar da mutum shi yake riƙe shi. To ki tambaye su: cikin ɗaliban da suka gama bara, nawa ne suka samu wannan horon? Jami'ar ce take nemo gurbin ko ɗalibi ake bari da yawon neman alfarma? Nawa ne suke aiki a fannin bayan shekara guda, wane irin aiki, kuma nawa ne suka koma makaranta? Ki kula da wannan ta ƙarshen. Jami'a tana iya cewa kashi casa'in na ɗalibanta “suna aiki ko suna ƙaro karatu”, alhali rabinsu sun koma karatu ne don digirin bai ishe su ba. Ki nemi a raba miki lambar gida biyu. Sannan ki nemi tsofaffin ɗalibai uku ko huɗu da kanki, ba waɗanda jami'ar ta zaɓa ta sa hotonsu a talla ba. Kin riga kin samu ɗaya.

Wuri ma yana da tasiri. Masana'antar magani ba a warwatse take ko'ina ba, taruwa take yi: Basel a Suwizalan inda Roche da Novartis suke, Boston da Niyu Jazi a Amurka, Kok da Dablin a Ayalan, Haidarabad a Indiya, Singafo. Famasis duk inda akwai asibiti ko shagon magani yana da wurin aiki, har a ƙaramin gari. Mai kimiyyar magunguna kuwa sai ya bi masana'anta inda take. In babu kamfanonin magani kusa da inda kike son zama, ko ba ki da halin yin ƙaura, darajar digirin a gare ki ta ragu ƙwarai, ko da a wajen wata yana da tsada. Ki tambayi kanki wannan tun yanzu, ba a fafe gora ranar tafiya.

Abu na ƙarshe da zai iya sauya lissafin shi ne gada. Wasu jami'o'in sun tsara kwas ɗin ta yadda ɗalibin da ya riƙe wani maki zai wuce kai tsaye zuwa karatun famasi, har a rage masa shekara. In akwai wannan, a rubuce, da sharuɗɗansa a fili, to ki haɗa kuɗin tafiyar gaba ɗaya tun daga aji ɗaya har lasisi, ki gwada da albashin famasis. In kuwa “ɗalibanmu da yawa suna samun shiga” kawai aka ce miki, wannan ba gada ba ce, fata ne. Makarantun famasi da dama, a Amurka misali, darussan share fage da maki suke dubawa, ba sunan digirin ba, kuma mai sinadarai yana cika su.

Ga inda na tsaya, tunda ra'ayina kika nema. A yadda kika kwatanta, da ninki uku, da kuɗin sallama, da bashi, da ƙanne uku, ba zan biya wannan kuɗin ba. Digirin kimiyyar magunguna ya cancanci a biya masa kuɗin da ake biya wa digirin sinadarai, ko ɗan sama kaɗan in yana da horon masana'anta na gaske. Bai cancanci a biya masa kuɗin famasi ba. In jami'ar ta ba ki tallafin da zai sauko da kuɗin kusa da na ɗayar, ki tafi da farin ciki, kwas ne mai daɗi kuma zai sa ki saba da yaren masana'anta da wuri. Ki rubuta musu ma ki nema, ki gaya musu kina da wani gurbin mai sauƙi. Tambaya ba ta cin kuɗi, kuma wani lokaci ana dacewa.

In ba haka ba, ki ɗauki sinadarai, ki karkata shi zuwa magani da kanki. Ki dage da darasin nazarin sinadarai da na'urori, da sinadaran halittu, da lissafin ƙididdiga. Aikin bincikenki na ajin ƙarshe ki zaɓe shi a kan magani. Kowane dogon hutu ki nemi ɗakin gwaji ki shiga, ko na kamfanin abinci ne ko na ruwa, domin tsarin aikin kusan ɗaya ne. Kuɗin da aka rage kuma a adana shi don mataki na biyu, inda ya fi amfani. Digiri na biyu na shekara ɗaya ko biyu a fannin da kika riga kika ɗanɗana kika ga ya karɓe ki ya fi saurin mayar da kuɗinsa, wani lokacin ma kamfanin da kike wa aiki ne zai taimaka da biya. Digirin digirgir a fannonin kimiyya kuwa, a Amurka da ƙasashen Turai da dama, ɗalibi ake biya alawus yana yi, ba shi yake biya ba. Wanda ya ƙarar da komai a digirin farko yakan iso wannan mararrabar hannu wofi.

Sai dai akwai tambayar da ban ji amsarta a wasiƙarki ba. Kin ce kina son “harkar magani”. Wace? In abin da kike hangowa shi ne ki tsaya gaban majinyaci, ki yi masa bayanin yadda zai sha, ki kama kuskuren da aka yi a takarda, ki zagaya ɗakin marasa lafiya tare da likitoci, to famasis kike son zama, kuma babu ɗaya cikin gurabun nan biyu da zai kai ki kai tsaye. In haka ne, ki nemi kwas ɗin famasi ɗin kansa, ko da zai ci miki shekara guda ta jira da gyaran sakamako. Shekara ɗaya a yanzu ta fi sauƙi a kan shekara huɗu da kuɗinsu sannan a dawo a faro. In kuwa abin da ke burge ki shi ne me ya sa wata ƙwayar take narkewa a ciki wata sai a hanji, ko yadda ake sa allura ta yi wata guda tana aiki, to ke 'yar ɗakin gwaji ce, kuma sinadarai ba zai cuce ki ba. Ki samu yini guda ki zauna kusa da famasis yana aiki, wani yinin ki roƙi waccan baiwar Allahn ta nuna miki nata wurin. Gani ya kori ji.

Saura Baba. Na fahimci nauyin da kike ji, amma ki duba ta ɓangarensa. Mutumin da ya yarda ya taɓa kuɗin tsufansa saboda ke, ba don abokansa ya yi ba. Yana shirin sayen abu ne bisa bayanin da ba daidai ba, kuma a gidan ke kaɗai kika sani. Kowace rana kika yi shiru, kusantar ranar biyan kuɗi ake yi, bayan an biya kuwa maganar ta zama “me ya sa ba ki faɗa ba?” Kada ki je masa da kuka ko da “na fasa”. Ki je da takarda: ga abin da jami'ar ta amsa kan lasisi, ga kuɗin nan, ga na can, ga albashin da ake fara biya, ga abin da zai rage wa ƙannena. Ki ce, “Baba, na binciko wani abu ne da nake so mu duba tare kafin a biya.” In kina jin bakinki zai yi nauyi, ki fara da Mama ko wani babba da yake jin maganarsa, amma ki kasance a wurin, kada a yi saƙo. Zai iya yin shiru, zai iya jin ba daɗi kwana biyu. Ki bar shi ya yi, kada ki cika shi da ban-haƙuri. Abin da zai gaya wa abokansa kuma ki bar masa, ya fi ki sanin yadda ake gyara irin wannan zancen.

Ki aika wa jami'ar tambayoyin nan a makon nan, kafin wa'adin karɓar gurbin ya matso, kuma kada ki saki gurbin sinadarai sai amsarsu ta zo. In ta zo ki turo mini, musamman abin da suka ce kan horon masana'anta da tallafi, mu sake zama a kan lambobin. Allah ya yi miki zaɓi mafi alheri, ki gaida Baba.

Antinki